Gidan Makama, Jos ko Argungu: ina za a kai yara in kuɗin tafiya ɗaya ne?

Ana saura mako uku a yi hutun zango na biyu shugabar makarantarmu ta kira ni ofis. Ta ce, "Malam, kuɗin da iyaye suka tara na mota ɗaya ne, tafiya ɗaya. Kai ne mai tarihi, ka zaɓa mana gidan tarihin da za a kai yaran nan. Amma kada ka ce mini Kaduna, bara can aka kai su." Na ce, "To Hajiya, a ba ni kwana biyu."

Wurare uku ne suka tsaya mini a rai, kuma kowanne na taɓa shigarsa: Gidan Makama a Kano, gidan tarihi na Jos, da gidan tarihi na Kanta a Argungu. Duk "gidan tarihi" ake ce musu, amma wanda ya shiga ukun ya san ba abu ɗaya suke ba mutum ba. Daga Zariya muke tashi, saboda haka lissafin hanyar da zan yi daga nan ne. Wanda ke Sakkwato ko Bauci sai ya juya lissafin yadda ya dace da shi.

A Gidan Makama ginin kansa shi ne babban kayan tarihin. Tun ƙarni na 15 yake, kuma ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, cewa a nan ya zauna lokacin yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon Kano a 1463. Shi ne Rumfan da ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa har yau, ya kafa kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa Shehu Magili ya sauka a Kano. Da Turawa suka ci garin a 1903 sun yi amfani da gidan a matsayin ofis. Yanzu yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ga shi nan dab da fada, ba sai an yi ta tambaya ba.

Ka shiga zauren da tsakar rana a watan Maris, lokacin da kwalta ke tiriri a waje, sai ka ji sanyi ya sauko maka a kafaɗa. Babu fanka, babu na'ura, kaurin bango ne kawai da tsayin rufi. Abin da nake fara sa ɗalibai su yi shi ne su ɗaga kai. A sama za su ga azara an jera ta, an karkata ta, an ɗora wata kan wata, ga bakan gizo ya taso daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya. Azara daga giginya ake tsago ta, gara ba ta cika samun sa'arta ba, amma tana da iyakar tsawon da za ta iya ɗaukar nauyin ƙasa. Wannan iyakar ce ta sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, don a samu ɗaki mai faɗi da guntayen itace. Yaron da ya gane wannan a tsaye a ƙarƙashin rufin ya fahimci abin da zanen allo na mako guda ba zai sa ya fahimta ba.

Sannan akwai ƙyamaren tsoffin ƙofofin birni da aka adana a wurin. Yara suna jin sunan Kabuga a matsayin unguwa ko wurin hawa Keke Napep, sai ga shi sun tsaya gaban ƙyauren da ake rufewa da magariba, wanda in ka makara a waje sai dai ka kwana a waje. Ta ɓangaren Kabuga ne sojojin Turawa suka kutsa cikin birnin a watan Fabrairun 1903, Sarki Alu kuwa yana can ya tafi Sakkwato. Daga nan ɗakunan suna bin tarihin garin daki-daki: ganuwa da yadda aka yi ta faɗaɗa ta tun daga zamanin Sarki Gijimasu, zamanin sarakunan Haɓe, jihadi, zuwan Turawa, kayan yaƙi irin su sulke da kwalkwali da masu, kayan hawan salla, kayan kiɗan fada, kayan sana'o'i, har da ɗakin amarya na da da jerensa. A ɗakin amaryar nan 'yan mata ke cirjewa, sai an yi da gaske ake fitar da su.

Raunin Gidan Makama a fili yake: labarin gari ɗaya ne, kuma mafi yawansa daga ƙofar fada ake ba da shi. Wanda ke son ya ga yadda Bagwari ko Babarbare ko Bajukune ya rayu, ba nan zai nema ba. Kuma wanda ya zo da tsammanin ganin tarin kaya dubbai zai gama zagayawa cikin sa'a ɗaya da rabi ya ce, shi ke nan?

A'a, ba shi ke nan ba, kuma a nan Kano ta yi wa sauran biyun fintinkau. Sana'ar da ka gani a bayan gilashi, in ka fito ka taka kaɗan, za ka tarar da mai yin ta yana zaune yana yi. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, ba ta da nisa. Ka tsaya bakin karofi ka ga marini ya tsoma farin ƙyalle cikin ruwan baba da toka, ya ɗago shi. Kore-kore yake fitowa. Yana shan iska a gaban idonka sai ya rikiɗe ya koma shuɗi. Na ga yaron da ya rantse dabo ne. Can gefe mabuga suna ta dukan yadi a kan gungume har ya ɗauki sheƙi, irin sheƙin da ya sa Buzaye ke neman turkuɗin Kura tun daga tsakiyar Sahara. A Kurmi kuma ga dukawa, ga masu kayan doki, ga masu sayar da tasoshi.

Akwai wani ƙulli da nake son ɗalibai su kama a nan, domin shi ke nuna yadda sana'o'in birni suka riƙe juna. Dattin da ke kwanta a ƙasan karofi, wato katsi, ba zubar da shi ake yi ba. Ana ƙona shi, a haɗa da gashin jima daga majema da dafara, a samu laso, wanda magina ke shafe soro da shi don kada ruwan sama ya ci. Ke nan sharar marini da sharar majemi su ne sumuntin magini. Da safe yaro ya taɓa bango a Gidan Makama, da hantsi ya leƙa karofi a Ƙofar Mata, sai abin ya haɗe masa da kansa. Idan lokaci ya rage, a ƙetara Nasarawa a ga Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko ta farko a Kano a 1909. In ƙafa ba ta gaji ba kuma a hau Dala.

Jos wata duniya ce daban. Tun daga hanya mutum zai fara jin haka, mota tana hawa, iska tana canjawa, domin garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Gidan tarihin an buɗe shi a 1952, yana cikin na farko-farko a Nijeriya, kuma haƙar kuza ce ta haife shi. Masu tonon kuza ne suka riƙa cin karo da kawunan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a cikin ƙasa. An fara samun irinsu a 1928 kusa da ƙauyen Nok, wanda yanzu yake kudancin jihar Kaduna. A 1943 aka kawo wa wani jami'in mulkin mallaka mai ilimin tonon tarihi, Bernard Fagg, wani kai da aka samo a yankin Jama'a, wanda kafin nan wani ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi. Fagg ya lura da kamanninsa da na Nok, ya bi diddigi, kuma shi ne ya kafa gidan tarihin.

Wannan kan da ya yi gadin doya ya haura shekara 2000 a duniya. In ka tsaya gaban irin waɗannan kawuna za ka ga idanu masu kusurwa uku, an huda ƙwayar idon, an huda hanci, ga kitso iri-iri an tsara shi da kulawa, ga duwatsun wuya. Mutanen da suka yi su sun kuma san narkar da tama, kamar yadda matoyan da aka tono a Taruga, kusa da Abuja, suka nuna. Ɗalibinmu da ya taso yana jin tarihi ya fara daga Bayajida, sai ya tarar da mutanen da suka riga Bayajida da fiye da shekara 1000, a ƙasar da motar haya ke ratsawa kullum. Wannan girgizar babu inda zai same ta a Kano ko Argungu. Ni a ganina tana da amfani ga ɗan Bahaushe, domin muna da halin ɗaukar Arewa kamar mu kaɗai ne a cikinta.

Sai dai a san da wani abu tun daga gida. Akwai iyayen da in suka ji an kai 'ya'yansu kallon mutum-mutumi za su ce an kai su wurin gumaka. Ba abin raini ba ne, kuma ba a ofishin shugaba bayan an dawo ya kamata a fara bayaninsa ba. A rubuta a takardar neman izini abin da za a gani da dalilin ganinsa. A kuma gaya musu cewa a gidan akwai tarin tsoffin rubuce-rubucen Larabci na malaman ƙasar nan.

Ta fuskar sana'a, abin da Jos ta fi kowa da shi tukwane ne. Akwai zaure guda na tukwane daga sassan Nijeriya daban-daban, wanda wata Baturiya, Sylvia Leith-Ross, ta yi aikin tattara da yawa daga cikinsu. Randa, tulu, kasko, tukunyar girki, tukunyar burkutu, kowace ƙabila da irin wuyan da take yi wa tata da irin zanen da take yi mata. In ka jera tulun Bahaushe da na Bagwari da na mutanen tsaunuka, sai ka fara tambayar abin da ya sa wannan ke da kunne wancan babu, ka gano cewa wani a ka ake ɗaukarsa, wani a kafaɗa. Kwatance irin wannan ba ya yiwuwa sai an tara kayan mutane da yawa wuri ɗaya.

A harabar kuma akwai filin gine-ginen gargajiya, inda aka sake gina wasu fitattun gine-ginen ƙasar nan da girmansu na ainihi, aikin da wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya tsaya a kai. Akwai yankin ganuwar Kano, akwai kuma masallacin Juma'a na Zariya. Wannan na ƙarshen ya taɓa ni. Na asalin, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, sabon gini ya lulluɓe abin da ya rage nasa. To ga Bazazzagi ya yi tafiyar sa'o'i ya je ƙasar Birom don ya ga siffar masallacin garinsu yadda take a da. Amma a tuna kwafi ne, kuma ginin ƙasa ne a garin da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ginin ƙasa kuwa yaɓe yake so duk shekara. Ginin da mutane ke zaune a ciki da wanda aka yi don kallo, ba sa tsufa iri ɗaya.

Ƙanana kuma suna da nasu rabon a Jos: gidan namun daji yana maƙwabtaka da gidan tarihin, ga tsoffin kawunan jirgin ƙasa na zamanin kuza. Hatsarin shi ne, in ka fara kai su wurin birai, ka yi asarar su, babu mai sauraron labarin Nok bayan nan. A fara da tarihi, a ƙare da dabbobi. Babbar matsalar Jos gare mu ita ce lokaci. Daga Zariya in an ce za a je a dawo rana ɗaya, rabin wunin a mota zai ƙare, a shiga a guje a fito a guje. Wurin kwana yake so, kwana kuwa da yara arba'in wani kuɗi ne, wani nauyi ne.

Argungu ita ce mafi ƙanƙanta a cikin ukun, ita ce mafi nisa daga nan, kuma ita ce na fi ƙauna, ko da yake ƙauna ba ta biyan kuɗin mai. Gidan tarihin tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce ta ƙarni na 19, aka bar zama a cikinta a 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. An sa masa sunan Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya na Songai a farkon ƙarni na 16 ya kafa daular Kabi, ya yi birninsa a Surame. Kayan da ke ciki na mutanen da suka rayu tsakanin yaƙi da ruwa ne: masu, takubba, kwari da baka, layu da guraye, tambura, sai kayan su. A cikin harabar ake binne sarakunan Argungu, saboda haka shigarsa ba kamar shiga ofishin gwamnati ba ce. Murya takan sauka da kanta, mutum ya yi addu'a kafin ya wuce.

Abin da Argungu ke bayarwa wanda babu a sauran shi ne ɗaya gefen labarin ƙarni na 19. A aji muna koyar da jihadi daga Sakkwato da Gwandu muna kallon waje. Birnin Kabi ya faɗi a 1805, a littafi sai a wuce. Amma Kabawa ba su wuce ba. Sun koma Argungu, Yakubu Nabame ya sake ɗaga tuta a 1849, aka yi ta gwabzawa har zuwan Turawa. Bikin kamun kifin da duniya ta san Argungu da shi ma daga sulhun wannan gaba ya samo siffarsa ta yanzu: a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa su a matsayin tarba. A 2016 UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun duniya. Ɗalibin da ya tsaya gaban mashin Bakabe ya ji labarin daga bakin jikan mai mashin, zai koma aji da tambayoyin da ba ya yi a da.

Shawarata ga mai zuwa don gidan tarihin, kada ya haɗa da ranakun biki. Lokacin biki gari ya cika ya batse, masauki ya yi tsada, hankalin kowa yana kogin Matan Fada inda dubban masunta ke faɗawa ruwa da homa da gora. Kallo ne na gaske, amma ba ranar tsayawa a yi tambaya ba ce. A ranar da babu kowa, mai yi maka bayani yana da lokacinka, kuma in ka gangara bakin ruwa za ka ga masunci yana gyaran homarsa ba don 'yan kallo ba. Ga mutanen Sakkwato da Birnin Kabi wannan tafiyar safe ce a dawo da la'asar, kuma ban ga dalilin da makarantar can za ta tsallake Argungu ta nufi Kano ba. Gare mu kuwa wuni guda ne a mota ta Funtuwa da Gusau, a hanyar da sai an tambayi direbobin tasha halin da take ciki kafin a ɗauki 'ya'yan mutane a hau ta.

Wani abu da ya shafi duk inda aka zaɓa: mai bayani ya fi kayan muhimmanci, kuma sa'a ce. Na taɓa kai ɗalibai wani gidan tarihi, ba zan faɗi wanne ba, muka tarar an ɗauke wuta, ɗakunan ciki duhu, mai riƙe da makullin ɗaki biyu ya tafi ɗaurin aure. Da fitilar waya muka yi kallo. Takardun bayanin da ke jikin kaya duk da Turanci, wasu sun koɗe. Abin da ya ceci ranar wani dattijo ne mai gadi da ya ga mun yi cirko-cirko, ya taso ya ce, "Malam, kawo su nan," ya ɗauki sa'a guda yana ba su labarin kayan doki da Hausa, yana kiran kowane da sunansa, lifidi, dagumi, jalala. Tun daga ranar nake zuwa da kaina ko in aika kafin ranar tafiya, a san da zuwanmu, a nemi wanda zai yi bayani da Hausa, a kuma ji ko akwai kuɗin ɗaukar hoto daban da na shiga.

Katsina ma ta zo mini a rai, don gidan tarihinta yana cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ga hasumiyar Gobarau a gari. Amma wannan tafiya ce ta masu nazarin tarihin boko da siyasa, na ajiye ta sai wani zangon.

Da na koma ofis na ce, "Hajiya, wane aji ne za su je?" Ta ce 'yan aji uku na ƙaramar sakandare. Na ce to Kano. Da 'yan babbar sakandare ne masu shirin jarrabawar fita, kuma da akwai kuɗin kwana ɗaya, da Jos zan ce ba tare da na yi dogon tunani ba, domin su ne suka kai shekarun da Nok da zauren tukwane za su yi musu aiki. Amma ɗan shekara 14 da hannu da hanci yake koyo, kuma a Kano ne zai taɓa bango, ya shaƙi warin karofi, ya dawo gida kafin isha. Ta ce, "Argungun taka fa?" Na ce wannan ni da malamai biyu za mu je da kuɗin aljihunmu in an yi sanyi.

Muka tsayar da Laraba, don ranar Juma'a kewayen fada da babban masallaci ba ya shiguwa da doguwar mota. Tashi ƙarfe shida, Gidan Makama da farko kafin rana ta yi zafi, Ƙofar Mata da hantsi, sallar azahar a cikin gari, Gidan Ɗan Hausa in lokaci ya bari. Na roƙi a ce wa kowane yaro ya zo da farin hankici, a ba marina su tsoma musu a biya. Hajiya ta rubuta, ta ɗago kai ta ce, "Abincin rana fa?" Na ce gurasa. Ta ce in an ga shuni a farar rigar makaranta, ni zan amsa wa iyaye.